Mai Riƙe da Makulli Shi Ke Sha Ƙarshe

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ba kuma zai fito daga alƙalamina ba. Tun ina amarya Malam nake ce masa, Malam ɗin zan ci gaba da cewa. Mutanen garinmu, nan tsakanin Ƙarfi da Malumfashi, sun san wanda nake nufi. Wanda bai sani ba kuwa, ga abin da ya ishe shi: manomin masara da auduga ne, mai taurin kai ne na ƙin ƙarawa, kuma shi ya fara riƙe makullin ruwan garinmu.

Duk shekara in watan rasuwarsa ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa ɗan abin sadaka in raba ba, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. Ni tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, kuma duk wanda ya zauna a ajina ya san ba na ganin karkatacce in wuce. To bana karkataccen a tsakar gidana na same shi.

Bari in fara da yadda ruwan namu yake, don wanda bai taɓa zuwa ba ya gane. Burtsatse ɗaya gare mu, da injin sola mai tura ruwa cikin tanki. Tankin ba ya cika sai rana ta take, kuma abin da ya tara ba ya isar gari duka a lokaci guda, balle da bazara. Daga gindinsa bututu ya rabu uku. Ɗaya ya shigo Cikin Gari, inda gidanmu yake. Ɗaya ya nufi Bakin Kasuwa. Na ukun ya yi doguwar tafiya ya hau tudu zuwa Unguwar Dutse, inda Maguzawa suke, maƙwabtanmu tun kaka da kakanni. Kowane bututu da bawul ɗinsa, wato ƙarfen da ake murɗawa a buɗe ko a rufe, kuma da wata doguwar sifana ake murɗa su. Ita muke kira makulli.

Shi ruwa malalaci ne, gangare yake so. In aka buɗe bututun ukun gaba ɗaya, mu na kusa mu sha, mu yi wanki har mu watsa wa tsakar gida, famfon Unguwar Dutse kuwa sai dai ya yi tari ya fitar da iska. Ruwa ba ya hawa tudun nan sai an rufe namu biyun, an bar masa hanya shi kaɗai tun tanki na cike. Ga shi mu a Cikin Gari muna da tsoffin rijiyoyi, in an matsa a ja da guga. Su can dutse ne ƙarƙashinsu, sun haƙa sun gaji.

Farkon zuwan famfon ba irin faɗan da ba a yi ba. An fasa bokitai, an ja ɗankwali, an yi gaba tsakanin gidajen da ba su taɓa sa-in-sa ba. Da abin ya ishi kowa aka taru a ƙofar gidan Maigari. Shi Malam, shi ake kira duk lokacin watanda, in mutane sun haɗu sun sayi sa sun yanka, ya zo ya kasa naman. Ka'idar watanda kowa ya san ta: mai rabo ba ya ɗaukar nasa kason sai kowa ya ɗauka. Don haka ba ya yarda wani kaso ya fi wani, tunda bai san wanda za a bar masa ba. Sai ya miƙe a taron ya ce ruwan nan ma watanda ne. In tanki ya cika, a fara buɗe wa Unguwar Dutse, sannan Bakin Kasuwa, sannan Cikin Gari su sha abin da ya rage. Kuma makulli ya zauna a hannun mutumin Cikin Gari, don mai riƙe da shi ya zama shi ke sha ƙarshe.

An ba ni labari nan take wani ya ce, "Yanzu Malam, arna ne za su riga mu sha?" Malam ya dube shi ya ce, "Ranar da ka ga damina ta tsallake gonarsu ta zuba a taka, ka zo ka faɗa mini, sai mu bi sahunta." Aka yi dariya, mutumin ya sunkuyar da kai. Maigari ya ce tunda shi ya kawo magana, shi zai ɗauki sifana. Ya shigo da ita gida a kafaɗa ya jingine ta bayan ƙofa.

Kada wani ya ɗauka na yi guɗa. Na yi mita, kuma ko yau aka maimaita sai na yi. Wace mace ce za ta ga makullin ruwan gari a ɗakin mijinta, randarta kuma a bushe, ta yi murmushi? An ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, to mu gaya muka ci. Ban manta ranar sunan jikarmu ta fari ba. Gida ya cika da baƙi har daga Gozaki da Musawa, ga tukwane a wuta, ga bazara. Na tare shi a zaure na ce, Malam, yau kaɗai, ka fara buɗe mana. Ya ce, "In na buɗe yau don sunan jikata, gobe da wane baki zan hana wani ranar bikin ɗiyarsa?" Na ce to da yawu zan dafa shinkafar? Ya tuɓe babbar rigar da ya sa don baƙi, ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Dattijo da furfurarsa, uban taro, shi ya yi ta jan ruwa yana ɗorawa a keke har tukwanena suka cika. Na yi fushi da shi har washegari, shinkafa kuma ta dahu.

A Unguwar Dutse akwai Kande. Matar abokin Malam ce, Tanko, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Daddawa take yi, a wurin sayen daddawa muka saba har muka zama ƙawaye. Bakinta ya fi nawa kaifi. Ita ce ke ce mini, "Malama, duk karatun nan naki bai koya miki kaɗa miyar kuka ba." Addinina daban, nata daban, ba ta taɓa taɓa nawa ba. Da na yi haihuwar auta na kwanta ciwo, ita ta riƙa saukowa daga tudun nan tana yi mini wankan jego. Shekarun da Malam ya riƙe makulli, Kande ba ta ƙara zuwa rafi ɗiban ruwa ba.

Bayan rasuwarsa makulli ya bi ta hannu biyu, sannan ya faɗa hannun ɗanmu na fari. Yanzu har kwamitin ruwa aka yi, shi ne shugaba, gari na ce masa Ciyaman, ni ma Ciyaman ɗin zan ce don ya fisshe ni. 'Yan zamani ba za su gane ba, amma ni tarbiyyar da ce: ɗan fari akwai kunya tsakanina da shi. Kakarsa ce ta raine shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na baje hira da shi kamar ƙannensa ba. In ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa ina kallon wani wuri, ya tashi. Ni da na yi wa 'ya'yan gari duka faɗa a aji, wannan ɗaya ne ba na iya kallon idonsa in ce ya yi ba daidai ba.

Na daɗe a Funtua wurin ɗiyata saboda aikin ido. Da na dawo, rana tsaka na ji famfon tsakar gidana na zuba da ƙarfi har yana fantsama. Na tambayi matar Ciyaman, lafiya? Ta yi murmushi ta ce, "Ai Inna, yanzu mu ke fara sha." Innalillahi! Ashe gyaran idon da aka yi mini don in ga wannan ne.

Da na bincika, ba wanda ya taɓa miƙewa a taro ya ce a soke ka'idar Malam. Ba mai wannan ƙarfin halin. Da "yau kaɗai" aka cinye ta. Akwai wani Alhaji mai gidan bulo kusa da tanki, ba zan ambaci sunansa ba, ya san kansa. Yau ya ce yana da aikin gaggawa, a fara buɗe wa Cikin Gari. Gobe wani na biki. Jibi wani ya haƙa wa gidansa ma'ajiyar ruwa a ƙasa, ya sa ɗan inji yana zuƙa. Sai aka wayi gari Unguwar Dutse ta koma ƙarshe, kuma na riga na faɗa muku abin da ƙarshe ke nufi a kan tudu. Zan yi wa ɗana adalci: ba ɓarawo ba ne, ba kuma mugu ba. Nauyin manya yake ji. Alhajin sa'an ubansa ne, kuma shi ya gyara injin da ya taɓa lalacewa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a hannunsa bangon ya tsage.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Zai yi mamakin yadda gari ya faɗaɗa, gidajen bulo sun maye na ƙasa, kowa da waya a kunne, babura sun kori kekuna. Na san zai ji daɗin ganin famfo ya shiga gidaje, don ba maƙiyin ci gaba ba ne. Amma na san inda ƙafarsa za ta fara nufa. Ba zai tambayi kwamiti ko ruwa na gudu ba, tunda a gidajensu yana gudu. Tudun nan zai hau ya murɗa famfon ƙarshe. Kullum cewa yake in kana son sanin ko gari ya sha, ka tambayi gidan da bututu ya ƙare.

Ba a jima ba Kande ta sauko wurina, hannu rabbana, ba ko ƙullin daddawa. Ta rame. Ta zauna da ƙyar tana dafa gwiwa, ta ce sallama ta zo yi mini. Ɗanta da ke Malumfashi ya ce kafin damina ta sauka zai zo ya ɗauke ta, ba zai bari ta mutu a hanyar rafi ba. Rafin ma ya ƙafe, yashi suke tonawa su jira ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙoƙo. Gidaje sun fara tashi daga unguwar. Ta ce, "Malama, ba ƙishirwa ke kora ta ba, gwiwa ce. Tanko na kwance a bayan ɗakina. In na tafi, wa zai riƙa share masa wurin?" Ban taɓa ganin hawayen Kande ba sai ranar. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban yi irinsa ba tun da aka fita da gawar Malam.

Na aika gwaggon Ciyaman ta yi masa magana. Ta dawo da amsar da kowa ya sani: a yi haƙuri, ana duba lamarin. Ana duba lamarin! Ita damina jira take a gama dubawa? Na rasa yadda zan yi. Bakin da zan yi masa faɗa da shi al'ada ta ɗaure, kuma ban ga dalilin kwance shi da tsufana ba. Amma al'ada ba ta ɗaure mini ƙafa ba.

Ranar kasuwa na samo robar taya na ɗaure kan famfon gidana tam. Na yafa mayafi, na ɗora bokiti a ka, na fito rana tsaka. Na ratsa Bakin Kasuwa, na hau tudu, na tsaya ƙofar Kande na ce ta fito mu tafi. Ta dube ni ta ce, "Kin haukace?" Na ce ƙwarai. Muka gangara rafi, tsofaffi biyu, muna tafiya muna hutawa. Muka tona yashi, muka jira, muka kwasa. Na dawo da ruwan nan ja kamar an dama ƙasa, na bi ta gaban majalisar da manyan gari ke zama, ɗana a cikinsu. Na yi musu sallama kamar yadda ya kamata, na wuce. Washegari na koma. Na sake komawa. Da shi nake alwala, shi nake tacewa da ƙyalle in sha.

Gari ya ɗauka: uwar Ciyaman ke ɗiban ruwan rafi. Wasu suka ce tsufa ne ya taɓa ni, wasu suka ce neman suna. Alhajin bulo da kansa ya tare ni a hanya ya ce, "Haba Hajiya, me ya yi zafi haka? Bari in sa a kawo miki jarkoki har gida." Na ce, "Na gode Alhaji, Allah ya saka. Ni famfo gare ni, da hannuna na ɗaure shi. In jarkokin sun yi maka yawa, ka san hanyar Unguwar Dutse." Ya ce ai ruwan ne ya yi kaɗan, gari ya yi yawa. Na ce a zamanin Malam ma bai taɓa isa ba, shi ya sa ake rabo. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Bokitin ya yi mini nauyi, na bar shi tsaye a nan.

Da la'asar ɗin wata rana sai ga Ciyaman ya shigo, matarsa na biye. Ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Na juya fuskata gefe inda na saba. Ya ce, "Inna, kin sa gari na zagi na." Matarsa na duba na ce, "Ki faɗa wa maigidanki ni ban ce ya yi komai ba. Ruwan da Kande ke sha nake sha, shi ke nan. Kuma baƙo ya zo, ki ba shi ruwa." Ta tsaya tana kallo na. Na nuna mata randa. Ta ɗebo a kofi, ta miƙa masa. Da wutsiyar ido na ga ya ƙura wa ruwan ido, har yashi ya fara kwanciya a gindin kofin. Na ɗauka zai ajiye. Sai ya yi bisimilla ya shanye tas, ya ajiye kofin, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya fita.

Washegari da tanki ya cika, Cikin Gari ba ɗigon ruwa. Aka ce Ciyaman ne tsaye a gindin tanki da sifana, ya rufe namu da na Bakin Kasuwa, ya buɗe na tudu, ya kuma zauna a kan bawul ɗin. Masu aikin bulo suka zo, ya ce su jira. Alhaji ya aiko, ya ce a ba shi haƙuri. Maƙwabta suka yi ta surutu har kan katangata, wata ma ta daina gaishe ni, Allah ya ba ta lafiya.

Maganar ba ta ƙare ba, kada in yaudare ku. Ina jin ana ƙulla taro don a karɓe makulli daga hannunsa a ba wanda zai ji magana. To ku masu ƙullawa, ku ji da kyau. Ku karɓa in kuna iyawa, sifana ce, ba gadon gidanmu ba. Amma duk wanda ya ɗauke ta ya sani ka'idarta na tare da ita. In ya buɗe wa kansa farko, bokitina na nan, ƙafata ba ta mutu ba, kuma wannan karon ba ni kaɗai zan ratsa kasuwa ba, don matan Cikin Gari da dama sun ce in sanar da su. An ce mata ba sa zama a taron ƙofar Maigari. Ba komai, za mu tsaya. Ku kuma na sauran garuruwa da ke da tanki ɗaya da unguwanni da yawa, ku je ku murɗa famfon ƙarshe kafin ku ce kuna da ruwa.

Malam bai bar wani abin a zo a gani ba. Gonar an raba, keken ya ruɓe, sunansa ba ya jikin allon da aka kafa a gindin tanki. Na daɗe ina tsammanin da shi aka binne taurin kansa, har na fara jin haushin ɗansa da bai gada ba. Yanzu na san yana nan, nauyin manya ne ya danne shi. Abin da mutumin nan ya bari shi ne ya nuna wa gari guda cewa mai iko da abu yana iya zama na ƙarshen amfana da shi, kuma bai mutu don haka ba. Wanda ya taɓa ganin an yi ba zai ƙara yarda a ce masa ba ya yiwuwa ba. Allah ya gafarta masa, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, ya sa mu cika da imani.

Ranar da aka mayar da rabon, bazara ta yi tsanani, ko da layi ya zo kan Cikin Gari tanki ya ƙare. Na kwance robar famfona na murɗa, ba komai. Ina zaune ina tunanin guga, rana ta yi sanyi, sai na ji sallama. Kande ce, da bokiti a ka, ta sauko tudun nan da gwiwar tata. Na taimaka mata ta sauke. Ruwa ne fari tas, ana ganin gindin bokitin. Ta ce, "Na san yau ba ku samu ba. Sha, kada ki mutu a ce ni ce sanadi." Na ɗebo na sha, na ƙara. Na shimfiɗa tabarma na ce ta zauna ta huta.

Ta ce ba ta zama. Ta bar ƙasa a jiƙe, za ta yaɓe bangon ɗakinta kafin damina ta sauka.